Hasashen Ruwa da Mabuɗan Gaibu

Daga cikin mas'alolin da zamani ya kawo wa malaman karkara, waɗanda ba za su same su a rubuce cikin Risala ko Askari ba, akwai wata da ke tasowa a zaurukan Kurmin Kogi da sauran garuruwan ƙasar Ikara, har zuwa Makarfi da Kudan, duk lokacin da bazara ta tsananta, shamuwa ta dawo, aka gama sharar gona aka kai taki, ba abin da ya rage sai jiran ruwan shuka. Mas'alar kuwa ita ce, ko ya halatta ga Musulmi ya saurari abin da wayarsa ko rediyonsa ke faɗa masa game da lokacin da damina za ta kankama da lokacin da za ta ɗauke, har ya jinkirta shukarsa ko ya gaggauta ta saboda wannan labari, alhali kuwa tun yana ƙarami aka karantar da shi cewa saukar ruwa na cikin abubuwa biyar waɗanda Allah Maɗaukakin Sarki Ya keɓe wa kansa saninsu.

Mai wannan tambaya ba jahili ba ne, kuma bai kamata 'yan boko su yi masa dariya ba, gama hujjarsa tana da tushe mai ƙarfi. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta jera sanin Sa'a, da saukar da ruwa, da abin da ke cikin mahaifa, da abin da rai zai aikata gobe, da ƙasar da zai mutu a cikinta. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da Buhari ya ruwaito kuma ya kira waɗannan biyar mabuɗan gaibu, ya bayyana a fili cewa lokacin zuwan ruwa Allah kaɗai Ya san shi. Bayan wannan ga hadisin Zaidu ɗan Halidu Aljuhani, cewa an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da aka idar da sallar asuba sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya sanar da sahabbai cewa mutane sun wayi gari kashi biyu: wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da rahamarsa shi ne mumini, wanda kuwa ya jingina shi ga tauraro kaza ya kafirce wa Ubangijinsa ya yi imani da tauraro. To, mutumin da ya girma da waɗannan nassoshi a ƙirjinsa, in aka zo aka ce masa yanzu kuma wani tauraro ne, wanda Turawa suka ƙera da hannunsu suka harba sama, yake ba da labarin ruwa, ai ba abin mamaki ba ne in gabansa ya faɗi.

Amma malaman usulu sun hana a yanke wa abu hukunci kafin a san haƙiƙarsa, saboda haka ya wajaba mu fara duba ko mene ne wannan abu da ke shigowa cikin wayoyin mutane. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NiMet, wadda doka ta kafa a shekarar 2003, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ta ambaci kwanakin da ake zaton ruwa zai tsaya a kowace jiha da ƙaramar hukuma, da kwanakin da ake zaton zai yanke, da yawan da ake tsammani, da wuraren da ake tsoron ɗan fari a tsakiyar damina, sa'an nan a fassara taƙaitaccensa da Hausa da waɗansu harsuna. Ba ta duban ƙasa ake samo shi ba, ba kuma ta istihara ba. Ana tara awon ruwa da zafi da iska na shekaru masu yawa, a haɗa da hotunan gizagizai da taurarin ɗan'adam ke ɗaukowa, irin su Meteosat wanda aka harba na farkonsa a 1977, a haɗa da awon ɗumin ruwan Tekun Atlantika da na Fasifik, domin an lura damunarmu tana da alaƙa da su, kana a zuba duka cikin kwamfuta ta lissafa abin da ya fi yiwuwa. A Yamai ma akwai cibiyar AGRHYMET da ƙasashen Sahel suka kafa a 1974, bayan farin da ya halaka dabbobi da mutane a 1973, tana irin wannan aiki domin yankin baki ɗaya. Hanyar isar da labarin kuwa ta buɗe ne tun da wayar salula ta shigo a 2001, ta ƙara faɗi a 2012 sa'ad da gwamnatin tarayya ta fara aiko wa manoma saƙon rabon taki da iri ta waya. A shekarar 2012 ɗin kuma kamfanin Babban Gona ya fara aiki da manoman masara a Saulawa, nan maƙwabtan Kurmin Kogi, inda daga baya aka saba ganin ma'aikacinsu yana bin iyakar gona da waya a hannu, daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ya zagayo, wayar ta faɗi faɗin gonar, a lissafa iri da takin da za ta ci. A Samaru kuma cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da layin da manomi zai buga ya yi tambaya da harshensa.

Abin da ya sa aka buƙaci duk wannan ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa riƙe hauya. Ƙasar Zazzau ta arewa takan sami ruwan da ya kai wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, kuma kukan dattawa a yau bai tsaya ga ƙarancinsa ba, domin bayan fare-faren 1973 da 1984 jimillarsa ta ɗan farfaɗo. Abin da suke kuka da shi shi ne ruwan ya rasa tsari. Sai a yi mamakon ruwa a farkon Mayu, manomi ya fita da sassafe ya sara ƙasa da hauya, ya ga laima ta nutsa fiye da taƙi, ya dunƙula ƙasar a tafinsa ya ga ta dunƙulu, ya kira yara a yi shuka. Masara ta tsiro ta yi ganye uku ko huɗu, sa'an nan sama ta washe mako biyu ko uku ba ɗigo, ganye ya nannaɗe da hantsi, kwana kaɗan a ga gonar ta koma ja, sai a sake neman iri. In ruwan ya dawo kuma, sau da yawa sai ya zo da ƙarfin da zai kwashe kunya ya wanke takin da aka zuba jiya. Masana ma sun buga wani bincike a 2017 da ya nuna cewa manyan haduran Sahel masu tsananin ƙarfi sun ninka sau uku tun daga 1982. Asarar kuma ta fi ta dā ciwo, saboda noman kansa ya sauya. Kakanninmu gero da dawa da wake da gyaɗa suke cuɗawa cikin gona ɗaya, da irin da suka ɗebo daga rumbunsu, in wannan ya ƙi wancan ya yi, kuma masanan Samaru da suka zauna a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi cikin shekarun 1960 suna auna amfanin gonakin mutane sun tabbatar da hikimar wannan cuɗawa. Amma tun da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975, sabon irin masara da takin zamani suka bazu, masara ta mamaye gonakin tudu, ita kuwa kuɗi take ci tun daga iri har taki har maganin feshi, sau da yawa kuɗin bashi, kuma ba ta da haƙurin dawa in ruwa ya ɗauke mata tana goyo.

Yanzu sai mu koma ga hukunci, kuma abin da nake so mai tambaya ya fara tunawa shi ne, wannan ƙasa ba ta taɓa zama ba tare da lissafin damina ba. Malamanmu na zaure sun gāji lissafin taurari ashirin da takwas, watau manzilolin wata, kowane tauraro kwana goma sha uku, bakwai ga kowane lokaci na shekara. Taurarin damina su ne Haƙ'a, da Han'a, da Zira'a, da Nasara, da Ɗarfa, da Jabha, da Harsan, daga nan Sarfa ya shigo da kaka, kuma manomi kan tsaya ƙofar zauren malami ya ce, “Allah gafarta Malam, wane tauraro muke ciki, kwanansa nawa?” domin ya san ko shukar da zai yi yau za ta nuna kafin ruwa ya yanke. Wannan ilmi daga Larabawa ya zo, ta hanyar Magrib, tare da littattafan fiƙihu da na tauhidi, watau shi ma baƙo ne a zamaninsa, aka jarraba shi da damunar ƙasar Hausa aka ga inda ya dace aka riƙe. Malaman da suka riƙe shi kuwa ba su jahilci hadisin Hudaibiyya ba, su ne ma masu karantar da shi. Abin da ya ba su damar haɗa biyun shi ne rarrabewar da magabata suka yi tsakanin ilmin tafiyar taurari, wanda ake sanin lokuta da alƙibla da shi, da kuma da'awar cewa taurari suna da tasiri cikin abin da ke aukuwa a ƙasa. Na farko halal ne, na biyu shi ne abin da aka tsoratar a kansa. Imamu Shafi'i ya yi bayani cewa wanda ya ambaci tauraro yana nufin lokaci, kamar yadda mutum zai ce an yi ruwa a wata kaza, bai kafirta ba, har an ruwaito cewa Sayyidina Umar, ranar da ya fita roƙon ruwa, ya tambayi Abbas ko kwana nawa suka rage wa tauraron Surayya.

Akwai kuma wani abu cikin Muwaɗɗa wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin Imamu Malik ba ya jera hadisai da ka. A babin nan da ya kawo hadisin Zaidu ɗan Halidu, nan take ya biyo shi da wani labari da ya ce ya iso gare shi, mai nuna cewa girgijen da ya taso daga wajen teku sa'an nan ya karkata wajen Sham, girgije ne mai yawan ruwa. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan labari, Ibnu Abdil Barri ya lissafa shi cikin 'yan ƙalilan da bai samo musu sanadi ba, saboda haka ba na kafa hujja da shi a matsayin maganar Annabi. Abin da nake kafa hujja da shi shi ne fahimtar limamin mazhabarmu, wanda ya ga dacewar ya ajiye hani ga jingina ruwa ga tauraro a gefen halaccin karanta alamar girgije, a babi ɗaya, ba tare da ya ga karo a tsakaninsu ba. Manomin Kurmin Kogi da ya dubi gabas da la'asar ya ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ya ji iska ta juya, ya ce wa iyalinsa su kwashe shanya, karanta alama yake yi, ba wanda ya taɓa tuhumarsa da da'awar gaibu. Tauraron ɗan'adam kuwa wannan hadarin dai yake gani, sai dai shi daga sama yake hango shi tun yana kan tsaunukan Jos ko ƙasar Chadi, sa'o'i da yawa kafin ya iso.

Malaman tauhidi sun ba wannan al'amari suna tun da daɗewa. Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, wanda ba a ƙirga almajiri ya san aƙida a ƙasar nan sai ya karanta Ummul Barahina tasa, ya kasa hukunci kashi uku: na shari'a, da na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada a wurinsa shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu saboda an ga suna maimaituwa tare, da sharaɗi biyu: a yarda cewa alaƙar tana iya saɓawa, kuma a ƙudurce cewa ɗayansu ba shi ne ke haifar da ɗayan da ƙarfin kansa ba, Allah ne ke halittar abin a lokacin da sababinsa ya samu. Wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, hadari da ruwa, duk a nan suke. In mutum ya dubi abin da kwamfutar masu hasashe ke yi da idon basira, zai tarar ba ta wuce wannan ba ko da taki ɗaya: ta tara maimaituwar da aka gani cikin shekaru masu yawa, ta ce a yawancin shekarun da teku ta yi ɗumi kaza, iska ta yi kaza, damina ta makara. Ita da lissafin taurari jinsi ɗaya ne, dukansu karatun al'adar da Allah Ya gudanar cikin halittarsa ne, bambancinsu kawai yawan abin da aka tara da saurin lissafi. Wanda ya halatta wancan ba shi da hanyar haramta wannan.

Bal ma akwai abin da ya fi haka. Lissafin taurari an gina shi ne bisa zaton cewa al'adar bana ita ce ta bara, ita ce ta zamanin kakanni, kuma muddin haka abin yake, lissafin yana biyan buƙata. To, ga shi al'adar ce kanta ke gocewa. Haƙ'a yana shigowa a ranarsa kamar yadda ya saba, wajen ƙarshen Mayu, ba ya makara ko da kwana ɗaya, amma ruwan da aka saba gani tare da shi ya daina cika alkawari. Imamu Ƙarafi, cikin manyan Malikawa, ya yi kakkausar magana a kan muftin da ke ci gaba da ba da fatawar da aka gina bisa wata al'ada bayan al'adar ta sauya. Ko da yake shi al'adun mutane yake nufi cikin ciniki da rantsuwa, ma'anar tana hawa nan daram. Wanda ya nace wa kwanakin da ubansa ke shuka, ya toshe kunnensa daga sabon awo, yana kiran abin da yake yi tawakkali, lalle ya sake dubawa, domin shi ma sababi ya riƙa, sai dai tsohon sababi ne wanda ƙarfinsa ya ragu.

Ba na son in daɗe a kan tawakkali, don an yi bayaninsa har ya ishi mai nema. Kowa ya san umarnin da aka yi wa Balaraben ƙauye ya ɗaure raƙumarsa kana ya dogara ga Allah. Kowa kuma ya san yadda Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga Sargu da ya ji annoba ta sauka a Sham, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya ba shi misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ya kora raƙumansa a cikinsa da ƙaddarar Allah ya kora su. Manomin da aka ce masa damunar bana gajera ce, ya sayi irin masarar Samaru mai nuna da wuri maimakon mai dogon kwana, gefen ciyawa ya zaɓa. In kuma an yi hasashen fari, farin ya zo, jama'a suka fita bayan gari da tsofaffin tufafi suka yi sallar roƙon ruwa, babu ɗayan biyun da ya rushe ɗaya, gama wanda ya gudanar da al'ada Shi ne mai ikon keta ta.

Inda haɗarin yake na haƙiƙa wani wuri ne dabam, kuma a nan ne nake ganin tsoron dattawa yana da gaskiyar da masu wayoyi ba su ba ta haƙƙinta ba. Alƙurɗubi, cikin tafsirinsa na ayar mabuɗan gaibu ta Suratul An'am, ya kawo maganar malamai cewa wanda ya ce gobe za a yi ruwa, ya yanke da haka yankan shakka, ya faɗa cikin kafirci ko da ya ce wata alama ya gani. Wanda kuwa bai yanke ba, ya mayar da abin ga al'ada da ƙaddarawar Allah, bai kafirta ba. Ashe ke nan mizanin yana ga yankewa. Masanin yanayi na gaskiya kuwa ba ya yankewa, sana'arsa ma ba ta yarda ya yanke ba: cewa yake yi akwai rinjayen zato, kashi kaza cikin ɗari, kuma ranar da ya ambata tana iya gaba ko baya da 'yan kwanaki. Zato yake bayarwa, ya kuma kira shi zato. Amma a bi labarin nan a ga yadda yake tafiya. Ya fito daga Abuja cikin littafi mai shafuka da yawa, da taswirori da sharuɗɗa. Ɗan jarida ya taƙaita shi cikin minti biyu. Mai aika saƙo ya matse shi cikin layi biyu don ya shiga waya. Yaron gida, wanda shi ne mai karatun boko kuma shi ne mai wayar, ya karanta ya ce, “Baba, sun ce ran ashirin ga wata ruwa zai zauna”. Kafin magariba a bakin masallaci zancen ya zama an ce ran ashirin za a yi ruwa. A kowane zango an yar da wani abu, kuma abin da aka fara yarwa shi ne “mai yiwuwa”, watau ainihin abin da ya raba halal da haram cikin mas'alar, kuma shi ne ya raba gaskiya da ƙarya cikin ilmin. Sa'an nan in ashirin ta zo ta wuce sama tana fari fat, sai mutane su kasu biyu, duka a kan kuskure: waɗanda suka gaskata da yaƙini su yi asarar irinsu, waɗanda suka ƙi tun farko su ce ai dama mun faɗa, daga nan kuma ba za su sake sauraren ko da hasashen da zai cece su ba.

Saboda haka nauyin shari'a a nan ya fi hawa kan mai ba da labari fiye da mai karɓa. Wanda ya sayar wa talaka zato da sunan yaƙini, ko kamfani ne mai neman a yi rajista da shi ana cire kuɗi daga katin waya, ko ma'aikaci ne mai son a ga aikinsa, ko mai shela ne da ya ga “wataƙila” tana rage wa maganarsa armashi, ya ci amana, kuma ya jefa mai saurarensa cikin abin da malamai suka tsoratar. “In Allah Ya so” da Bahaushe ke liƙa wa duk maganar gobe tana da aiki a nan fiye da ladabi, domin ita ce ke mayar wa labarin da shakkar da aka fizge masa a hanya, kuma da masu tsara waɗannan saƙonni sun san mutanen da suke yi wa magana, da sun bar mata wuri ko da za a rage wani abu.

Akwai kuma wata damuwa da ba zan iya tsallake ta ba, ko da yake ta fi kusa da babin adalci fiye da na aƙida. Sani ba ya amfani sai ga mai iko. In aka gaya wa mutum biyu cewa damina za ta yanke da wuri, mai hali ya tafi kasuwar Makarfi ko Ikara ya sayo iri mai sauri, ya tanadi injin ban ruwa don rakensa ko tumatirinsa na fadama. Marar hali kuwa, wanda irinsa shi ne abin da ya rage a rumbu, an ƙara masa fargaba ne kawai. Matan da ke cikin gida, masu 'yan gonakinsu da awakinsu, sau da yawa labarin ba ya isa gare su sai ta bakin wani. Annabi Yusufu, alaihis salamu, da aka sanar da shi shekaru bakwai na fari, bai tsaya ga sanarwa ba, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, aka adana hatsi cikin zangarniyarsa, kamar dai yadda ake jera dammunan dawa a rumbu. Hukumar da ta iya faɗin fari amma ba ta tanadi iri da bashi marar riba da rumbun jama'a ba, rabin aikin ta yi, kuma rabin mai sauƙi. Balle kuma a tuna cewa wannan rikicewar yanayi tana cikin ɓarnar da Suratur Rum ta ce ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, hannayen kuwa galibinsu ba na nan ba ne, tun da Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wannan bai wanke mu daga itatuwan da muke sarewa muna gawayi ana lodi zuwa birane ba, amma ya isa ya sa a ɗauki taimakon da ƙasashe masu masana'antu suka amince da shi a taron Sharm el-Sheikh na 2022 a matsayin biyan diyya, wanda mai karɓarsa ba ya buƙatar sunkuyar da kai.

Abu na ƙarshe ya shafi ingancin zaton kansa. Hukuncin al'ada ba ya ƙarfi sai da yawan lura, kuma a nan muke da rauni ƙwarai, domin Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa tashoshin awon yanayi a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, tana da littafin ruwa mai tsawon shekaru, amma kowane manomi ya san ruwa yakan jiƙa gona ya bar ta kusa da ita, balle tsakanin Samaru da Kurmin Kogi, ko tsakanin Hunƙuyi da Paki. Tauraron ɗan'adam kuma girgije yake gani, ƙiyasi yake yi na abin da ya zuba a ƙasa, sai an gwada ƙiyasinsa da awo na ƙasa kafin a san iyakar gaskiyarsa. Ma'aunin ruwa ba wani abu ne mai tsada ba, gwangwani ne mai baki daidai da kwalba mai zane, a kafa shi a fili nesa da itace da indararo, a duba shi kowace safiya a rubuta. Ban ga wanda ya fi cancantar wannan aiki ba kamar mutanen da dama su ne ke riƙe da lissafin kwanaki a garuruwanmu, watau liman da ladan da malamin da ake tambaya wane tauraro ake ciki, tare da malamin makarantar boko da zai aika adadin ta waya zuwa inda ake tarawa. In aka yi haka shekara goma a kowace gunduma ta Ikara da Makarfi da Kudan, ana rubuta ranar wata da tauraron da ake ciki da abin da ya sauka, za a san ko kwana nawa ruwan shuka ya goce daga Haƙ'a a wannan ƙasa takamaimai, kuma hasashen da zai riƙa dawowa cikin wayoyin mutane zai zama da awon gonakinsu aka gina shi.